Keken Auta a Cikin Tsumma

"Kar ki taka! Ke Tela, ɗage ƙafarki, boris ne a nan!"

Abin da Baba Mai Faci ya fara ce min ke nan, yana kwance a ƙasa, rabin jikinsa a kan buhu, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ni da na bar ɗinki a bakin allura na rugo ko takalmi babu saboda na ji ƙarar faɗuwarsa, ban samu ko "taimake ni" ba, wai boris.

"Baba, ana ta ranka kana ta boris? Ka ga yadda fuskarka ta koma kuwa?"

"Tara-tara ne kowane gefe," ya ce. "In ɗaya ya ɓata, ke zan tambaya."

Haka na tsugunna ina tsince masa boris ɗin, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen nan na cikin wilin keke, ina zubawa a murfin gwangwani, ina ƙwala wa 'yarsa Auta kira. Sai da ya ga na ƙirga sha takwas a gaban idonsa sannan ya yarda muka ɗaga shi. Wallahi da ba don tsufansa ba da na faɗa masa maganar da ba zai manta ba.

Shekara goma sha biyu ƙofarsa tana kallon tawa a tsakar gida ɗaya. Ni ɗinki nake yi a bakin taga, shi kuma ya yi shekara arba'in yana gyaran keke a bakin titi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa biyu ne suka rage a kusa. Akwai babban, mai shagon sayar da waya, wanda kowa yake kira Manaja, duk da dai babu wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. Sai Auta, mai shekara ashirin da shida, wadda ta gama karatu ta yi shekara uku tana yawon neman aiki har takalminta ya san kowane ofis.

A watan nan ne ta samu. Wani kamfanin haɗa magunguna ya ɗauke ta, can ƙarshen gari, inda mota take juyawa ta bar mutum da tafiyar sa'a guda a ƙasa. Ranar ɗaya ga wata za ta fara, kuma sun gaya mata ƙarara cewa wanda ya makara sau uku a watannin gwaji ya nemi wani wurin. Shi ya sa Baba ya ce zai haɗa mata keke.

Sabon keke dai ba su da halinsa. Abin da yake da shi matattun kekunan hawan dutse ne guda uku, irin waɗanda masu kuɗi suke saya don rage tumbi, su hau sau biyu su jingine a bayan gida har ruwa ya cinye su. Ya kwance su kaf, ya baje a ɗakinsa da bakin ƙofa, yana aiki yana mita.

"Dubi nan, Tela. Giya ashirin da ɗaya, sai ka ce tirela. Ga sifirin a gaba mai nauyin jaki, ga taya duk ƙuraje. An yi wannan ne don masu neman wahala da gangan. Ita ba dutse za ta hau ba, aiki za ta je."

Yana da yadda yake aikinsa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi kwana biyu ya sani. Kowane ƙarfe sai ya wanke shi da kananzir, ya goge har ya yi ƙyalli, ya fito da shi rana, ya bi shi da farcen babban yatsa a hankali. In farcen ya maƙale a tsaga, ko ya ga lanƙwasa, sai ya rataye shi a ƙusa jikin bango, yana ta walƙiyarsa, don Baba ba ya iya yar da ƙarfe ko ya mutu. Wanda ya ci jarrabawa kuwa sai ya lafta masa giris, ya naɗe shi da tsumma ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin gado don kar tsatsa ta taɓa shi. Tsummokaran duk nawa ne, ragowar yadin da nake yankewa. Saboda haka in ka shiga ɗakin, abin da ya lalace shi ne yake ɗaukar ido a bango, mai kyan kuma yana ƙasa, baƙi ƙirin, ƙura ta manne masa.

Firam biyu, wato gangar jikin keke, ya tsaya a kansu. Akwai shuɗi mai sheƙi, mara nauyi, wanda ni kaina na ce shi ya dace da mace. Ya kama yatsana ya ɗora a ƙarƙashin wuyansa, na ji wani ɗan layi siriri kamar gashi.

"Wannan zai kai ta wata ɗaya, ko biyu," ya ce. "Rannan tana gangara, ga mota a baya, ya rabe gida biyu."

Ya rataye shi. Ya zaɓi wani tsohon baƙi da fentinsa ya ɓaɓɓare, ya cusa tsumma a duk ramukansa. Yana cikin haɗa wilin baya ne ya faɗi.

Kwana tara ya yi a asibiti, Auta ba ta matsa daga gefensa ba. Zuciya ce, in ji likitoci, kuma ta daɗe tana ba shi labari yana yin kamar bai ji ba. Ran kwana na bakwai na je kai ɗinki, da na dawo na tarar an share ƙofarsa fes, an sa kwaɗo, Manaja yana tsaye yana karkaɗe hannu, turarensa ya cika tsakar gida.

"Anti Tela, na gyara ɗakin. Mutane za su zo gaishe shi, ba za su tarar da bola ba. Kayan keken kuma na kai wa mai gyara ya ƙarasa. So nake Baba ya dawo ya gan shi a tsaye."

Ni kuma, don rashin tunani irin nawa, na washe baki na ce Allah ya yi masa albarka. Har na ji kunyar zagin da na sha yi masa a zuciya. Ban tambaye shi wane kaya ya kai ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta fi kalma huɗu ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Ranar Laraba aka sallamo Baba, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Washegari da hantsi ina ɗakin ina taya Auta gyara masa matashi, sai ga ƙarar ƙararrawa a tsakar gida. Manaja ya turo keke har gaban gado, hannu ɗaya a kan keken, ɗayan riƙe da waya yana ɗaukar hoto, bakinsa har kunne. Shuɗi ne, yana ta sheƙi, ga sifirin, ga giya reras, har da wata jar leda da aka naɗe hannun da ita.

"Baba, duba! An gama!"

Na kalli Auta, na ga ta daskare da matashi a hannu. Baba ya miƙo hannu, Manaja ya matso da keken yana jiran yabo. Hannun ya bi wuyan keken, ya zagaya ƙasa, farcen ya tsaya.

"Wa zai hau wannan?"

"Auta mana, Baba."

"So kake ka kashe min ita?"

Manaja ya sauke wayar. "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Masu kyan na zaɓa, waɗanda ka goge ka rataye."

"Na ƙarƙashin gado fa?" Baba ya tambaya.

"Wannan sharar? Na ba mai gwangwan."

Ni ce na fara magana, kuma ban yi ta a hankali ba.

"Shara? Kai a gidan nan aka haife ka ko tsinto ka aka yi? Shekara nawa ubanka yana naɗe ƙarfe a tsumma, ko sau ɗaya ba ka taɓa tsugunnawa ka tambaye shi dalili ba?"

"Anti, ba da ke nake ba. Wannan maganar gida ce."

"Ni da nake ɗauko shi in ya faɗi, ba ta gida ba ce? Kana ina ranar?"

"Yaya, firam ɗin a tsage yake," Auta ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kawo hannunka ka ji."

Bai kawo ba. "Ɗan ƙarce ne kawai. In ma tsaga ce a yi masa walda. Ni dai duk abin da na yi a gidan nan ban iya ba, tun ina yaro. Na kashe kuɗina, na bar shagona, ko sannu babu. Litinin za ta fara aiki, wannan za ta hau, sai dai in da wani a ƙasa."

"Alminiyam ne," Baba ya ce, idonsa a rufe. "Ba ya jin waldar bakin titi."

Na ga Auta tana kallon keken, kuma na san lissafin da take yi, don kwana huɗu ya rage mata. Shekara uku tana jiran aikin nan. Da za a bar ta da yayanta, hawa za ta yi, ta ce za ta bi a hankali. Baba ma ya sani. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe, riƙon da ban zaci yana da sauran ƙarfinsa ba.

"Tela, ke kin san su."

Ban tsaya shawara ba. Na fizge keken daga hannun Manaja na tura shi waje, yana bina yana cewa ina zan kai masa kaya. Na ce ya biyo ni ya gani in yana da ƙafa. A bakin ƙofar gida ya tsaya, don ba zai so a gan shi yana kokawa da mace a titi ba, ga farar riga.

Ban iya hawa keke ba, tura shi na yi har filin mai gwangwan, tafiyar kusan rabin sa'a a cikin rana, fedar tana dukan ƙaurina ina tsine mata. Wurin tsibi-tsibi ne na ƙarafa: tsofaffin gadaje, murfin injin wanki, tukwanen da suka huje, da wani ƙaton sikeli a tsakiya. Abin da ya tayar min da hankali babbar mota ce da na gani a tsaye, ma'aikata suna ta jefa kaya a bayanta.

Mai wurin yana zaune a kan kujerar mota da aka ciro, yana fifita da kwali.

"Malam, ran Litinin wani mai farar riga ya kawo maka ƙarafa naɗe a tsumma."

"Hajiya, kowa tsumma yake kawo min. Dubi wurin nan."

"Ni zan nema da kaina. In na samu, ka riƙe wannan a madadinsu."

Ya kalli shuɗin keken, ya kalle ni, ya sake kallon keken. "Lafiyarki ƙalau kuwa? Ko na sata ne?"

"Na sata ya fi shi daraja. A tsage yake, kuma in ka sayar wa wani ya hau, Allah ya isa. Ka farfasa shi ka auna."

Ya yi dariya ya ce in shiga, amma mota ba za ta jira ni ba.

Abin da ya taimake ni shi ne na san yadina. Tela ba ta manta abin da ta yanka. Na hango ɗan kore mai ɗigo-ɗigo, ragowar rigar matar mai shagon kan kwana, na jawo, sarƙa ce a ciki. Na ga ruwan toka na kayan makarantar da na ɗinka bara, birki ne. Haka na dinga tono, gwangwani yana yankata, giris har gwiwar hannu, zufa tana shiga min ido. Duk ƙullin da na ciro sai na ja wa Manaja tsaki. Na samu wilin gaba, na samu na baya da Baba bai gama ba, na samu sirdi da kan keken da feda da murfin gwangwanin nan, har yanzu a ɗaure da ƙyallen da Auta ta rufe shi da shi. Firam ne kawai babu.

Direba ya riga ya tayar da mota lokacin da na hango wani jan ƙyalle yana leƙowa can sama, tsakanin ƙofar firji da ƙafar gado. Na je na tsaya a gaban motar.

"Ke, matsa mana!"

"Sai dai ka bi ta kaina. Ku sauko min da baƙin can."

Suka zage ni, na rama, har da ƙari. Mai wurin ya ce su sauko min da shi kafin in tara musu jama'a. Da aka jefo shi na duba wuyansa da ƙafafunsa, ban ga inda ya lotse ba. Na zuba ƙullin a buhu na ɗora a ka, na rataya firam da wili biyu a kafaɗa, na kamo hanya. La'asar ta kusa. Duk wanda na wuce sai ya juyo ya kalle ni, ni kuwa ko a jikina, sauri nake in ajiye su a gaban gadon in ce wa Baba ga su nan, ya daina hararar mutane.

Tun daga kan kwana na ga takalma a ƙofar gidanmu, sun yi yawa. Ban yarda ba sai da na shiga na ji kukan mata.

Na tsaya a tsakar gida da kaya a kaina kamar mai talla. Auta ta fito, idonta ya kumbura, ta taimaka min na sauke buhun. Ta ce bai fi sa'a ɗaya da cikawa ba.

"Ya yi ta tambaya, Anti. Sau biyu yana cewa, ta dawo? A na ukun na ce masa kin dawo, kin samo duka."

"Ya yarda?"

"Ya ce in fara da wuyan keken, kar in ɗaure da ƙarfi. Daga nan bai ƙara magana ba."

A nan ne kuka ya zo min, kuma ba na tausayi ba ne, na baƙin ciki ne. Shekara goma sha biyu ina kai masa ruwan zafi, ina jin tarinsa ta bango, amma ranar da zai tafi ina can ina faɗa da direba a kan bola. Mutumin da bai taɓa barin keke ya bar hannunsa ba tare da ya gwada birki ba, ya tafi a kan maganar da aka faɗa masa don a kwantar masa da hankali.

Manaja yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. Ya ga firam ɗin, ya ga hannuwana, ya sunkuyar da kai. Na matsa kusa da shi yadda babu mai ji sai shi.

"Yinin ƙarshe ke gare shi, ka sa ya ƙare shi yana jiran shara."

"Anti, wallahi alheri na yi niyya."

"Na sani. Da ka tambaya."

Ban ƙara ba, don an fara shirin fita da Baba. Mutane suna cewa in yi haƙuri, ai rasuwa ta wuce komai. Na ji su. Har yanzu ina amsa gaisuwarsa, amma iyakarta ke nan.

Ranar Lahadi da mutane suka ragu, Auta ta kwaso kayan ta shigo ɗakina, don kar a ce uba bai kwana huɗu ba tana wasa da keke. Na ture keken ɗinkina gefe, ta shimfiɗa buhu. Ashe duk shekarun da ta yi tana miƙa masa sifana ba a banza ta yi su ba. Ta fara da wuya. Ni aikina riƙewa da miƙo abin da ta nuna, in na miƙo ba daidai ba ta ce, "Ba wannan ba, Anti," da irin muryarsa sak, har sai da na ce ta kiyaye ni. Sau biyu tana kwance birkin baya tana sake ɗaurawa. Wani lokaci sai ta tsaya da sifana a hannu, hankalinta ya tafi, in bar ta har ta dawo. Kafin rana ta faɗi keke ya tsaya da ƙafarsa, baƙi, mummuna, giya ɗaya tal, babu abin da yake ƙyalli a jikinsa.

Litinin da sassafe ta ɗaure ƙafar wandonta da roba, ta tura shi waje. Na bi ta har ƙofa ina cewa ta bi gefe, ta kula da gangaren gada, ta ce ta ji. Yinin ranar ban ɗinka abin kirki ba, sau uku ina farke hannun riga ɗaya. Duk ƙarar birkin mota da na ji a titi sai na miƙe.

Da yamma na ji an turo ƙofar gida. Auta ta shigo da katin aiki rataye a wuya, ƙura a takalmi, gefen wandonta da baƙin sarƙa.

"Kin makara?"

"Saura minti ashirin na isa. Ni na riga mai buɗe ƙofa."

Ta kai keken bakin ƙofar Baba, inda kwaɗo yake rataye, ta ɗaga bayansa ta kafa shi a kan tsayuwarsa. Wilin baya ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, yana ɗan ƙara, tik, tik, tik. Ba ta shiga ɗaki ba, ni ma ban koma kan ɗinkina ba. Muka tsaya muna kallonsa, ya daɗe bai tsaya ba.